Yatsun da Siminti Ya Cinye

Sau huɗu tsohon magini yana ɗora yatsa a kan na'urar tantance masu zaɓe, sau huɗu tana ƙin karɓa. Siminti ya cinye zanen yatsunsa, hoton katinsa kuma ya koɗe.

"Ba yadda zan yi," in ji jami'in zaɓen, ko ɗago kai bai yi ba. "Sai na'ura ta shaida mutum. Doka ce, ta hau kan kowa."

Wata tela da ke bayan tsohon a layi ta ji ranta ya ɓaci. Ajin nan da suke tsaye ciki ma shi ya gina.

"Wane kowa? Masu riƙon biro kaɗai ta sani!" ta ce. "Malam, ka ji tsoron Allah. Duk layin nan mun san shi. Kai ne ba ka san shi ba?"

Jami'in ya ƙara sunkuyar da kai kan na'urar.

Tsohon ya mayar da katinsa aljihu.

"Ƙyale shi, 'yata, kada su kore shi daga aiki. Ɗana ne. Da yatsun nan na yi masa makaranta."