Rumbun Inna Tumba

Warin toka da ganyen dogon yaro ne ke fara zo mini duk sanda na tuna Inna Tumba, yayar babana. Ita ta fara haɗa matan ƙauyenmu, kusa da Gangara, suka gina rumbun iri nasu na kansu. Maza suka ce kafin damina ƙwari sun cinye shi, mata kuma sun watse.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da la'asar aka buɗe shi, maza na tsaye suna kallo. Bakin rumbu ƙarami ne, yaro ake zurawa, amma Inna ta ce ɗiya mace za ta shiga. Ta kama hannuwana, ta sauke ni cikin duhu. Wani abu ya motsa a ƙafata, na fashe da kuka.

"Inna, za ni mutuwa!"

"Ban ce ki bar tsoro ba, ɗiyata. Ji tsoronki, ki miƙo min zangarniya guda."

Yanzu na girma, kuma tun da 'yan bindiga suka koro mu zuwa garin Isa, ko ƙarar babur tsorata ni take yi. Da wannan maganar ta Inna nake fita kullum in raba wa matan da aka koro tare da mu abinci, kuma hannuna bai taɓa gazawa ba.

Ranar nan a cikin rumbu, na miƙa mata zangarniyar. Ta murje ta a tafinta, ta hure, ta ba Baba Ɗanjimma, wanda ya fi kowa yi musu dariya.

"Tauna, malam. Kai ka san hatsi."

Ya tauna, ya ji hatsin lafiya lau, ƙwari ba su taɓa shi ba.

"Tumba, matata tana iya shiga cikinku?"

"Tana da baki. Ta taho ta tambaya da kanta."