Harsashin da Ya Ɗara da Ƙwayar Gero

Tunda ka ce ɗan bambanci ba ya kashe mutum, Malam Tanimu, gyara zama ka ji. An yi wani maharbi a gefen dajinmu mai bindiga irin wadda ake jera wa harsashi bakwai a bututun ƙasa. Kana jan mariƙinta ka mayar, sai ta tofar da kwanso ta ɗauko sabo. Da harsashin kanti ya yi wuyar samu, ya koyi yin nasa. Ya narka darma a tsohon ludayin ƙarfe, ya zuba a mazubi, ya ɗura wa kwanso albarushi, ya dasa masa kai. Hannunsa kam da kyau, wannan ba mai ƙwace masa. Sai dai mutumin akwai taurin kai, wai dogon harsashi ya fi dukan nama. Maƙerin da ya ƙera masa mazubin ya jera nasa da na kanti a tafin hannu, ya ce, "Yaya, naka fa ya ɗara da ƙwayar gero." Maharbin ya yi dariya, ya ce gero ai abincin kaji ne. Gwajinsa kuwa, ya sa ɗaya da hannu ya harbi bishiyar kuka, ya sake sa ɗaya, kuma duk inda ya nufa nan suke shiga. Bai taɓa cika bututun ya ja mariƙin ya ga ko za su hau da kansu ba.

Ana nan wata ɓauna ta addabi gonakin fadama, har ta hana mata zuwa rafi, aka kira shi. Ya sa ɗaya da hannu, ya cika bututun da nasa harsashin, da hantsi suka yi kiciɓis. Harbin farko ya same ta a kafaɗa, ba ta faɗi ba, ta juyo kansa. Ya ja mariƙin, na biyu ya taso ya maƙale da hancinsa, ba gaba ba baya. Ga bindiga cike da harsashi, amma ta zama sanda a hannunsa. Ɓaunar ta ɗauke shi ta maka da ƙasa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙugu ya karye, bai ƙara shiga daji ba. Ni na gan shi da idona a ƙofar gida yana tufkar igiya, in ya ji ƙarar bindiga daga nesa sai ya sunkuyar da kai. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ka ji dalilin da ya sa magabata suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.