Doka ta Bakwai

Sau uku Mai Agogo yana buga tebur kafin Sakatare ya kai doka ta huɗu.

Su tara ne a garejin Sakatare ranar Asabar da la'asar, dukkansu 'yan ƙungiyar tseren motocin rimot. Motocin ba su wuce tsawon kamu ɗaya ba, amma siffarsu sak ta manyan motocin tsere masu ƙofa biyu, gudunsu kuwa ba na wasan yara ba ne. Shekara shida suna tsere a filin da ke bayan wani tsohon sito, kowa da irin injin da ya ga dama. Yau suka zauna don rubuta dokokin da za su daidaita kowa.

An yanke nauyin da mota ba za ta gaza ba. An amince da batir iri ɗaya, taya iri ɗaya. Duk wannan bai dami Mai Agogo ba. Shi ya kafa ƙungiyar bayan ya rufe shagonsa na gyaran agogo, kuma magana ɗaya ce ta kawo shi yau: a jefar da na'urar ƙirga zagaye.

Ranar Lahadin da ta wuce aka yi tseren kofi. A zagaye na huɗu motoci biyar suka cakuɗe a kwanar can nesa, kusa da shingen waya. Mai Agogo yana tsaye a kan dakali, ya hango jar mota, launin tasa, ta ɓulle daga cikin hargitsin, ya matsa mata wuta. Rabon da ya yi tuƙi irin wannan tun ƙungiyar tana sabuwa. Motar kamar ta san abin da yake so tun kafin yatsansa ya motsa. Ita ta fara tsallake layi, ya ɗaga rimot sama yana dariya.

Na'ura ta ce shi ne na ƙarshe, zagaye huɗu cikin ashirin. Ta ba mijin 'yarsa kofi, wanda ya iso a makare ranar, wanda kuma bai taɓa wuce na biyar ba.

Da aka tattaro motoci aka jera a teburin awo, ya tarar da rufin tasa duk karce. Ya zazzaga wa masu ɗauko motocin faɗa. Washegari surukin ya kawo masa kofin har gida, Mai Agogo ya ce ya koma da abinsa, shi ba almajirin kofi ba ne. 'Yarsa ta kira sau huɗu, bai ɗaga ba.

"Doka ta biyar," in ji Sakatare, "lambar kowace mota ta zama babba, a rufi da gefe."

Mai Agogo ya ja takardar nesa da fuskarsa, ya dawo da ita kusa, ya ture ta. Wane irin mutum ne zai buga doka da rubutu kamar ƙafar tururuwa?

Ta shida ta ce a rage ƙarfin inji, a kuma matsar da dakalin direbobi zuwa tsakiyar fili. Ta bakwai ta ce kada mota biyu su shiga tsere da launi ɗaya.

"Tsere muka zo gyarawa ko fenti?" Mai Agogo ya daka tsawa. "An yi mini fashi da rana tsaka, ko makaho ya ga abin da ya faru, ku kuna nan kuna zancen launi!"

Aka kaɗa ƙuri'a. Dokokin uku suka wuce da hannu takwas. Da aka zo kan batun na'ura, hannunsa kaɗai ne a sama. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Telan da ya koya wa haɗa giyar mota yana kallon silin. Direban motar asibitin da ya ba wa rimot na farko yana wasa da murfin biro. Surukin kuwa tun da aka zauna kansa yake ƙasa.

Ya zaro makullin ɗakin kayan ƙungiya daga aljihu, ya ajiye a tebur, ya miƙe.

"Yaya, zauna," in ji Sakatare. Shekara talatin suna abota, bai taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. "Mako guda muna neman hanyar da ba sai an kai ga haka ba."

"Don Allah kar a nuna," surukin ya ce da sauri. "Baba, na yarda, na'urar ce ta yi kuskure."

Sakatare bai saurare shi ba. Ya haɗa wayarsa da talabijin ɗin bango, hoton tseren ya cika fuskar. Mai Agogo ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ga cakuɗuwar, ga jar mota ta ɓulle, tana shan kwana kamar ruwa.

"To, ga ta nan! Me kuma za ku ce?"

Sakatare ya tsayar da hoton, ya buɗa shi. Lambar da ke kan rufin goma sha ɗaya ce, sabon jikin da surukin ya yi wa jan fenti don ya yi kama da na Baba. Sannan ya ja hoton zuwa gefe, ya sake shi ya ci gaba.

Can bayan shingen waya, inda hannu ba ya kaiwa, wata jar mota mai lamba ɗaya tana kwance rigingine, tayoyinta suna juyawa a iska, hagu da dama, suna bin yatsan Mai Agogo har ƙarshen tseren.