Tsibiri Ɗaya, Takarda Biyu

Tunda ka ce koyar da siyasar ƙasashe za ka yi a jami'a, ajiye wayar nan ka saurare ni, Dakta.

An yi wani malamin kimiyyar siyasa da ya yi suna a kan rikicin iyaka. Wasu ƙasashe biyu maƙwabta suna jayayya kan wani tsibiri a tsakiyar kogi, ɗan fili ne, daga gonar albasa sai bukkokin masunta. Ta gabas ta gayyace shi taro, aka sauke shi a babban otal, aka kafa sunansa a kan tebur. Ya rubuta musu takarda da Turanci cewa iyaka zurfin ruwa take bi, don haka tsibiri nasu ne. Bayan shekara biyu ta yamma ta kira shi, ita har rago ta yanka masa. Ya rubuta musu da Faransanci cewa tsohuwar taswirar Turawa ce hujja, don haka tsibiri nasu ne. A ransa, wa zai karanta duka biyun? Mujallun da ake buga irin takardun nan ko gara sai ta rasa abin ci take taɓa su.

Lokacin neman kujerar farfesa ya zo, kujerar da ya shekara ashirin yana hange. Ƙa'ida ita ce a tattara abin da mutum ya wallafa a aika wa wani masani na waje ya duba. Ya ga saura takarda ɗaya adadi ya cika, sai ya zaro ta Faransancin ya cusa a ƙasan tulin, alhali ta Turancin tana ciki. Ƙunshin ya faɗa hannun wata tsohuwar farfesa, tashin bakin iyaka, mai jin harsunan biyu, ga ta da wani mugun hali: duk abin da aka ba ta sai ta karanta. Ta jera takardun gefe da gefe, ta mayar da layi ɗaya tak: "A tambayi malam, shi a wajensa tsibirin na wa ne?" Aka kira shi gaban kwamiti. Ya gyara tabarau, ya kurɓi ruwa, ya sake gyara tabarau. Kujera ta wuce shi. Labari ya haye kogi, ƙasashen da ba su taɓa jituwa a kan komai ba suka jitu a kan daina gayyatarsa. Masunta kuwa suna nan suna shanya kifinsu, ba su ma san an yi shi ba.

Ka dai ji. Taura biyu ba ta taunuwa.