Mai Jirgin da Ya Nutsar da Hayaƙi

Tanimu, tunda ka ce sun ɗauke ka daga wurin aikinka sun jefa ka inda ba kowa don ka ƙi bin sahu, gyara zama in ba ka misali.

A wani mashigi na bakin kogin Kwara an yi wani mai jirgin fito. Jiragen wurin duk iri ɗaya ne, dogon kwalekwale na katako da rumfar tampol, inji a gindi, bututun salansa a miƙe yana feso hayaƙi. In iska ta juyo, cikin rumfa hayaƙin yake komawa, fasinja su yi ta tari suna share hawaye, kowa ya ɗauka haka shiga jirgi ya gada. Wata ranar kasuwa mutumin ya ɗauko mahaifiyarsa, tsohuwa mai sayar da bandar kifi, ta zauna kusa da inji. Kafin su kai tsakiyar kogi ta yi shiru, wuyanta ya langaɓe. Sai da aka shimfiɗe ta a kan yashi ana yayyafa mata ruwa sannan ta farfaɗo. Daga ranar ya rantse hayaƙi ba zai ƙara shiga rumfarsa ba. Ya kai bututun salansa wurin mai walda, aka lanƙwasa shi bakinsa ya nutse a ruwa. Da ya kashe inji sai ruwa ya biyo bututun ya shige ciki, inji ya ƙi tashi har sai da aka kwance shi. 'Yan mashigi suka yi dariya har da riƙe ciki. Ya koma ya sa aka yi wa bututun doro, ya hau sama kamar wuyan raƙumi kafin ya sauka, ruwa ya kasa hawa. Sai kuma wata ta taso: bakin bututun yana gaban farfela, wato fankar da ke tura jirgi, hayaƙi na fita yana tayar da kumfa, farfela na juyawa cikin kumfar ba ta kama ruwa, inji na ihu jirgi na jan ciki. Ya mayar da bakin bayan farfela. Ranar jirgi ya tafi sumul, ƙara ta ragu, hayaƙi ya bi sawun jirgi a baya, har wata mai goyo ta yi barci a rumfa.

Ba a jima ba mata masu jarirai da tsofaffi suka fara ƙin shiga jirgin da layi ya zo kansa, su zauna a kan kayansu su ce mai lanƙwasasshen bututu suke jira. Abokan sana'a suka kai ƙara. Sarkin jirgi ya kira shi gaban jama'a ya ce ko ya miƙe bututu kamar na kowa, ko ya bar mashigin. Mutumin ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a jirgin nan na ga idon uwata ya kafe. Bututu ba zai tashi ba." Aka kore shi zuwa wani lungu a ƙasan gari, wurin da taɓo da kainuwa da ciyawa suka cinye, ko masunta ba sa ɗaure jirgi a can. Ya sha wuya ƙwarai. Da ya ɗan tafi sai ciyawa ta nannaɗe farfela, inji ya shaƙe, ya faɗa ruwa da wuƙa yana yanka, ya fito matsattsaku sun manne masa a ƙafa. Wata rana fasinjansa bai wuce akuya da mai ita ba. Yayyensa suka same shi suka ce ya je ya ba da haƙuri, iyali ba sa cin taurin kai. Ya ce ya ji, gari na wayewa ya koma lungunsa. Yana share bakin gaɓa da lauje ne ya lura ciyawa na maƙalewa a cikin laujen, amma in ta taɓa bayansa sai ta zame. Ya cire farfela ya kai maƙera, ya ce a kwantar masa da fukafukanta baya kamar bayan lauje. Ta farko ta yi kwanciya da yawa, jirgi ya rasa ƙarfi. Ya yi ta komawa ana bugu ana goga, har aka samu wadda ke ratsa ciyawa tana zubar da ita.

Shekarar da kogi ya yi babbar cika, kainuwa ta gangaro daga sama ta rufe ruwa kamar gonar da aka shuka. Jiragen babban mashigi suka riƙa maƙalewa a tsakiya, masu su na tsalle cikin ruwa da wuƙa, fasinja na salati cikin hayaƙi. Mutane suka ɗauki kayansu a ka suka nufi lungu, inda jirgin mutumin ke ratsa kainuwa. Masu ƙosai suka bi su, mai shayi ya kafa teburinsa. Sarkin jirgi ya aiko a ce masa an yafe masa, ya dawo. Ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe da Sarki. Inda ya ajiye ni nan nake, mai son tsallakawa ya san hanya." Bai koma ba har ya tsufa. Waɗanda suka yi masa dariya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna roƙon su auna farfelarsa. Bai hana kowa ba, sai dai ba ya ɗago ta daga ruwa sai ya ga bututun mutum ya sunkuya.

Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa hassada ga mai rabo taki ce.