Lema a Ƙarƙashin Agogon Salamanca

Eulogio Santero ya isa ƙarƙashin agogon babban dandali riƙe da lema ruwan ɗorawa, alhali ko alamar hadari babu a sama. Aikin yayarsa Encarna ne. Ita ta ƙulla komai: wata ƙawar ƙawarta mai suna Pilar, wadda mijinta ya rasu, za ta zo daga Zamora ta wuni a gari.

"Ka ɗaga lemar ta gane ka," in ji Encarna. "Ka kashe wayar nan taka. Kuma don Allah, Logio, ban da zancen ciwon gwiwarka. Wannan ce ta ƙarshe, in ka ɓata na cire hannuna."

Ya san da gaske take. Tun rasuwar matarsa a tsaye yake cin abinci gaban talabijin, har ya fara amsa gaisuwar mai karanta labarai. Kaɗaici ya ishe shi. Abu guda yake nema yau, matar nan ta yarda ta sake zuwa.

A Salamanca duk mai alkawari da wani a ƙarƙashin agogon nan yake tsayawa, don haka wurin ya cika maƙil. Ya ɗaga lema sama kamar mai tallarta, kunya duk ta kashe shi. Sai ga wata mata da takalmin yawo da 'yar jaka a baya ta keto mutane ta nufo shi.

"Pilar?"

"Ni ce. Daga ina za mu fara?"

To fa! Shi shirin shan kofi kawai ya yi. A garin nan aka haife shi, a nan ya tsufa yana sayar da tabarau, amma bai taɓa hawa hasumiyar babbar majami'a ba, don a ganinsa aikin baƙi ne. Sai dai bakin ɗan kasuwa ba ya mutuwa. Ya shige gaba, ta biyo shi.

Ranar nan tarihi ya ga ta kansa. Gidan da aka manna wa ƙwaryar kifin teku a bango, Eulogio ya ce wani attajiri ne ya gina shi don matarsa ta daina yi masa mitar a kai ta bakin ruwa. Sarakuna biyu ya haɗa su faɗa, waɗanda ko zamani ɗaya ba su yi ba. Ita kuwa sai gyaɗa kai take, tana miƙo masa waya ya ɗauke ta hoto. Ya lura da zoben da ke hannunta, bai ga laifinta ba. Shi ma nasa na nan.

A ƙofar jami'a aka yi abin kunya. Kowa ya san ɗan kwaɗon dutsen da ke ɓoye cikin sassaƙar bangon, wanda ake cewa mai gano shi zai dace. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa jama'a gani, bai taɓa gano shi ba. Ya nuna wani wuri da tsinin lema, da ƙarfin gwiwarsa. Pilar ta ƙura ido.

"Wancan ai kashin tantabara ne."

Ta yi dariya har da dafa bango. Shi ma ya taya ta, zuciyarsa fari fat. Rabon da ya ba mace dariya har ya manta.

Da rana ta take suka ratsa dandali za su cin abinci. Ƙarƙashin agogo ya rage mutane, sai wata mata da ta ci ado, gashi ya sha gyara, tana tsaye tana duba waya tana tsaki.

"Dubi baiwar Allah," ya ce, yana girgiza kai. "Wani sakarai ya shanya ta. Maza dai ba mu da kirki."

Ya kai Pilar wani ɗan lungu inda ba a kai baƙi, gidan abincin da shi da marigayiya suka saba zuwa ranar Lahadi. Aka kawo chanfaina, shinkafa da kayan cikin rago, sai wainar ƙwai da dankali, sai gasasshen ɗan rago da ke narkewa a baki. Ta ci ta yi nak, ba irin cin kunyar nan ba. Da aka gama ko kallon jakarta ba ta yi ba, shi kuwa abin ya burge shi. Macen da ta san darajar namiji ke nan, irin ta da.

Hasumiya ce ta kusa tona masa asiri. Gwiwa ta yi ta ihu tun daga tsakiyar matakala, ya cije, yana tsayawa yana nuna mata tagogi kamar masu muhimmanci ne. Ko sau ɗaya bai ambaci ciwon ba. Da Encarna ta gani da ta yi kuka don murna.

Da yamma suka tsaya a tsohuwar gada, rana ta mayar da duwatsun garin kamar zuma. Ya buɗe baki zai yi tambayarsa, ya rufe. Ya sake buɗewa, sai ya tsinci kansa yana bayanin kifayen kogin Tormes. Kai, Eulogio, da furfurarka!

Sai a tashar mota, ƙafarta ɗaya a kan matakala, direba na kallon agogo, ya tattaro duk jarumtar da ta rage masa.

"Pilar, za ki sake zuwa?"

"Haba, me zai hana! Wata mai zuwa ma."

Ya ji kamar ya jefar da lemar ya taka rawa. Ta kama hannunsa ta matse da hannu biyu, fuskarta cike da godiya.

"Da mijina zan zo in ƙafarsa ta warke, kuma yau ɗin nan zan gaya wa kamfaninku na yawon buɗe ido, da suka ce in nemi mai lema a ƙarƙashin agogo, kada su ba mu wani jagoran sai kai."