Habu Na Yamma

Tun zuwan annobar mura, Alhaji Mudi ya raba telolinsa gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma, ba sa haɗuwa. Sallau na safe keken ɗinki ɗaya yake takawa da Habu na yamma. Bai taɓa ganinsa ba, amma kullum Habu na ajiye masa goro.

Yau babu goro.

"Alhaji, Habu lafiya kuwa?"

Muryar Alhaji ta fito daga lasifikar bango, don shi ma tun annobar ba ya shigowa shago: "Atishawa ya yi, ƙofar nan mai na'urar gano mura ta ƙi buɗe masa. Yana gida yana shan kunu, ja'iri!"

Sallau ya yi hamdala, ya jawo rigar da Habu bai gama ba.

"Alhaji, wai dogo ne?"

"To, ni ma haka nake ji."